Kabeji a madadin kuɗin shiga: yadda wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo ya rayu a garin da kuɗi suka ƙafe

Lamarin

Wannan nazari ya shafi gidan wasan kwaikwayo na Barter (ma'ana musaya) da ke Abingdon, wani ƙaramin gari cikin tsaunukan kudu maso yammacin jihar Virginia ta Amurka, da Robert Porterfield, mutumin da ya kafa shi a 1933 ya kuma riƙe ragamarsa shekara 38. Garin ko a yau mutanensa ba su wuce 8,000 da 'yan kai ba. A lissafin masu wannan harka, gari irin wannan bai isa ya ɗauki nauyin ƙungiyar 'yan wasa ba ko da ana cikin wadata, balle a shekarar da aka buɗe gidan, wadda tana cikin mafi tsanani da Amurka ta gani a ƙarni na 20. Matsalar da ya tarar ita ce ga masu wasa ba aikin yi, ga masu son kallo, amma babu kuɗin da zai sada su.

Kafin 1929: ɗan gona a New York

An haifi Porterfield a watan Disamban 1905, ya tashi a gona a wannan yanki na Virginia. Mahaifinsa ya so ya zama mai wa'azi a coci, shi kuwa ransa na kan dandamali. Ya shiga kwaleji a jiharsu, ya yi shekara biyu ya bari, ya nufi New York inda ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo. Bayan ya gama ya riƙa samun ƙananan rawa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin. Bai zama tauraro ba. Abin da ya tara a waɗannan shekaru shi ne sanin mutane: ya san 'yan wasa da masu shirya wasanni da marubuta, ya kuma san yadda ake magana da manomi, domin harshen da ya tashi da shi ke nan.

1929 zuwa 1932: yunwa a birni, amfanin gona na ruɓewa a karkara

Kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a watan Oktoban 1929. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kimanin 9,000 suka durƙushe da ajiyar jama'a. Zuwa 1933, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu iya aiki ba shi da aikin yi, kuma a watan Maris na shekarar, kwana biyu bayan rantsar da shi, Shugaba Franklin Roosevelt ya rufe dukkan bankunan ƙasar na wasu kwanaki don a tsayar da rububin cire kuɗi.

'Yan wasan kwaikwayo sun sha duka ta fuska biyu. A kakar 1927 zuwa 1928 an buɗe wasanni sama da 250 a Broadway, daga nan adadin ya yi ta raguwa, gidajen wasa da yawa suka rufe ko suka koma silima. Fim mai magana ya fito a 1927, kuma kallonsa ya fi araha nesa ba kusa ba. Ɗan wasan da ya rasa aiki abin da ya rage masa shi ne jiran tsammani a ofisoshin masu ɗaukar 'yan wasa, da bin layin abincin sadaka, da neman taimako daga asusun agaji na 'yan sana'ar. Duk waɗannan sun hana mutum mutuwa, amma ba su mayar da kowa kan dandamali ba.

A karkara kuwa ciwon daban ne. Abinci na nan jibge, farashinsa ne ya faɗi da fiye da rabi tsakanin 1929 da 1932. A wasu jihohin manoma sun ƙona masara a murhu saboda ta fi gawayin kwal araha. A 1933 gwamnati da kanta ta biya manoma suka nome auduga mai faɗin eka kusan miliyan 10 suka binne ta, aka kuma yanka aladu kimanin miliyan 6, duk don farashi ya ɗaga. Manomin tsaunukan Virginia yana da madara da ƙwai da kaji da kayan lambu, amma sai ya yi makonni bai riƙe tsabar kuɗi ba.

A 1932 mutumin namu ya bi wata ƙungiya mai yawon wasa gari-gari. Kamar yadda shi kansa ya riƙa faɗa daga baya, ta tagar jirgin ƙasa ya ga amfanin gona tsibi-tsibi babu mai saye, da dare kuma su yi wasa ga kujeru babu kowa. A nan tunanin ya zo masa: a ɗauki 'yan wasan a kai su inda abincin yake, a yi ba ni gishiri in ba ka manda.

1933: shiri da buɗewa

Tunanin kaɗai ba ya kwantar da mutum sama da 20. Kafin a ɗaga labule sai an samu wurin kwana, da wurin wasa, da izinin marubuta, kuma ba shi da kuɗin ko ɗaya daga ciki.

Karayar arzikin da ta hana shi aiki ita ce ta samar masa da gine-gine. A tsakiyar garin akwai wata kwalejin 'yan mata da ta rufe ba da jimawa ba saboda rashin kuɗi, da ɗakunan kwananta da kicin ɗinta a kulle. Ya nemi izini aka bar shi ya sauke 'yan wasansa a ciki. Daura da ita, tsallaken titi, akwai zauren majalisar gari. An gina shi a farkon shekarun 1830 a matsayin coci, daga baya ya shiga hannun wata ƙungiyar masu yaƙi da shan giya, sannan ya zama na hukumar gari. Akwai dandamali a ciki, kuma hukumar ta yarda a yi amfani da shi.

Ginin ya zo da nasa larurorin. A ƙarƙashinsa ake tsare masu laifi, don haka wani lokaci hayaniyar tsararru kan shigo cikin wasa. A kan rufinsa kuma jiniyar 'yan kwana-kwana take. Idan gobara ta tashi ana tsakiyar wasa, babu muryar da za ta iya da jiniyar, sai aka kafa doka: kowane ɗan wasa ya daskare a inda yake, hannu a sama ko baki a buɗe, har ta yi shiru, sannan ya ɗora daga kalmar da ya tsaya. Haka aka yi ta yi har cikin shekarun 1990.

Ya taho da 'yan wasa sama da 20 daga New York. Sharaɗin a fili yake: kwana da abinci, da damar yin sana'arsu. Ranar 10 ga Yunin 1933 aka buɗe. Kuɗin shiga bai kai rabin dala ba, kuma wanda ba shi da shi ya kawo abin da ya kai ƙimarsa. Taken da ya yi talla da shi yana cewa da kayan lambun da ka kasa sayarwa za ka iya sayen dariya mai daɗi.

Mutane sun zo. Tarihin gidan ya nuna cewa a waɗannan shekaru huɗu cikin biyar na 'yan kallo da kaya suka biya: kabeji, tumatir, wake, masara, ƙwai, madara, man shanu, kaji masu rai, har da dabbobi. Mai sayar da tikiti ya koma mai ƙimanta kaya, abin da aka karɓa da yamma kuma shi ake girkawa washegari. Har yau ana ba da labarin wani manomi da ya zo da saniyarsa, ya tambayi yawan madarar da za ta isa tikiti, ya tatsa a bakin titi ya miƙa. Da aka tambaye shi tikitin matarsa da ke tsaye a gefe, sai ya ce ita ma ta iya tatsa.

Da kakar farko ta ƙare aka yi lissafi. Ribar tsabar kuɗi dala 4 da santi 35. Akwai ragowar ganga biyu ta jam, wato 'ya'yan itace da aka dafa da sukari. 'Yan wasan kuma, idan aka haɗa su gaba ɗaya, sun ƙara nauyin sama da fam 300, kimanin kilo 136.

1934 zuwa 1941: inda musaya ta kai da inda ta tsaya

Musayar ta magance abu biyu nan take: ta cika ciki, ta cika kujeru. Sauran buƙatun gidan kuwa ba ta taɓa su ba, kuma a shekarun nan ne aka ga iyakarta.

Na farko, akwai abubuwan da ba a saye da kabeji. Kamfanin lantarki kuɗi yake karɓa, haka mai sayar da fetur, haka jirgin ƙasan da zai kawo ɗan wasa daga New York. Katako da fenti da yadin sutura duk sai da tsaba. Ɗan abin da mutum ɗaya cikin biyar ya biya da kuɗi shi ake tattalawa don waɗannan, shi ya sa ribar ta tsaya a inda ta tsaya.

Na biyu, kayan gona ba kamar kuɗi ba ne da za a kulle a akwati. Manoman yanki ɗaya lokaci ɗaya suke girbi, don haka abin da ya yi yawa a gonar wannan shi ya yi yawa a gonar wancan, kuma shi kowa zai fi son rabuwa da shi. Idan lokacin tumatir ne, tumatir za a yi ta karɓa. Madara ba ta kwana biyu a lokacin zafi, kaza mai rai kuma sai an ba ta abinci da wurin kwana. Ganga biyun jam ɗin nan shaida ce: an karɓi abin da ya fi ƙarfin ci, kuma ba a iya biyan bashi da shi. Lokacin sanyi kuma gona ba ta ba da komai, saboda haka wasan ya zama na watannin bazara kawai, sauran shekara kowa ya koma neman na kansa.

Na uku shi ne ƙanƙantar garin. Cikin 'yan kwanaki duk mai son ganin wasa ya gani. Maganin da aka yi wa wannan shi ne yawan canza wasa da kuma yawo: a loda kayan dandamali a mota a kai garuruwan da ke kewaye, a yi wasa a zaurukan makarantu da na majalisu, a dawo cikin dare. Aiki ne mai cin jiki, domin wanda ya yi sarki a dandamali shi ne zai ɗauki katako bayan an tashi, kuma da safe yana haddar wasan mako mai zuwa.

Sai batun haƙƙin marubuta. Ba a yin wasan wani sai an biya shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe gidan a shekarar farko. A nan sanin mutanen da ya tara a New York ya yi rana. Ya rubuta wa marubuta yana tayin biyansu da busasshiyar cinyar alade, wadda jihar Virginia ta yi suna a kanta. Manya irin su Noel Coward da Thornton Wilder da Tennessee Williams sun karɓi wannan biya. George Bernard Shaw ba ya cin nama, shi sai aka biya shi da alayyafo. Babu marubucin da ya yi arziki da wannan, amma kowane ɗaya da ya amince ya zama labarin jarida, labarin kuma ya jawo na gaba.

Masaukin ma bai dawwama ba. A 1935 aka mayar da tsohuwar kwalejin otal, ƙungiyar ta koma harabar wata kwalejin 'yan mata ta biyu a garin, wadda ita ma ta riga ta rufe. Wannan ya nuna halin da gidan yake ciki: duk abin da yake tsaye a kai aro ne, kuma mai abu yana iya karɓar abinsa da zarar kasuwa ta farfaɗo.

A daidai wannan lokaci gwamnatin tarayya ta gwada nata maganin. A 1935 ta kafa shirin ɗaukar 'yan wasan kwaikwayo aiki a ƙarƙashin Hallie Flanagan, wanda a ganiyarsa ya ɗauki mutum sama da 12,000 da albashi. Shiri ne babba da ya kai wasa ga miliyoyin mutane. A watan Yunin 1939 majalisar dokoki ta yanke masa kuɗi bisa zargin cewa 'yan gurguzu sun mamaye shi, ya mutu yana da shekara huɗu. Ƙaramin gidan da ke karɓar kabeji ya ci gaba da wasa.

A shekarar 1939 ɗin ce jagoran ya ƙirƙiro wata kyauta da ake bayarwa a New York duk shekara ga fitaccen ɗan wasa ko 'yar wasa. Wanda ya ci yana samun cinyar alade, da eka ɗaya ta fili a kan tsauni kusa da garin, da kuma ikon zaɓar matasa biyu da za su je su yi kaka guda a gidan. Helen Hayes da Henry Fonda suna cikin waɗanda suka karɓa. Kuɗin da kyautar ta ci bai taka kara ya karya ba, amma ta sa sunan gidan a bakin manyan sana'ar, ta kuma mayar da taurari masu zaƙulo masa sababbin hannu kyauta. Ta wannan hanya Gregory Peck ya zo a 1940. Patricia Neal ma a nan ta fara koyon aiki tana budurwa.

1942 zuwa 1945: rufewa

Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Disamban 1941. Aka taƙaita sayar da fetur da tayoyi, wanda ya kashe yawon gari-gari ya kuma hana manoma zuwa daga nesa. Aka kwashi samari zuwa soja, har da shi jagoran, wanda ya yi aiki a rundunar sama. Gidan ya rufe. Babu wani da aka bar wa riƙo, domin a lokacin gidan da mutumin abu ɗaya ne.

Yaƙin ya kuma kawar da tushen dabarar baki ɗaya. Masana'antu sun buɗe, aiki ya samu, farashin amfanin gona ya tashi. Manomin 1946 yana da kuɗi a aljihu kuma kabejinsa na da mai saye. Ɗan wasan 1946 ma ba zai bar New York don kwano uku a rana ba.

1946 zuwa 1953: daga aro zuwa tsayuwa da ƙafa

Da ya dawo bai yi ƙoƙarin tayar da tsohon tsarin yadda yake ba. Ya nufi majalisar dokokin jihar Virginia da hujjar cewa gidan yana kai wasa garuruwan da ba su taɓa ganin ƙwararrun 'yan wasa ba, yana kuma jawo baƙi zuwa wani lungu na jihar. A 1946 aka ayyana shi a matsayin gidan wasan kwaikwayo na jiha, aka ba shi tallafin dala 10,000. A Amurkar wancan lokaci wannan baƙon abu ne, domin hukumar tarayya mai tallafa wa fasaha ba a kafa ta ba sai 1965.

Tallafin bai isa ya riƙe gidan ba, amma ya canza matsayinsa. Yawon wasa ya faɗaɗa zuwa sassan jihar da wajenta, har a watannin sanyi, wanda ya ba da damar riƙe 'yan wasa fiye da kaka ɗaya. Kuɗi suka maye gurbin kaya a wurin sayar da tikiti, duk da cewa ba a rufe ƙofar musaya ba. Ernest Borgnine ya zo a wannan zango bayan ya yi shekara 10 a rundunar ruwa, ya fara da aikin fenti da ɗaukar kaya kafin a ba shi rawa. Shi da Peck da Neal duk sun ci kyautar Oscar daga baya. A 1948 jagoran ya karɓi kyautar Tony ta musamman (Tony ita ce babbar kyautar wasan kwaikwayo ta Broadway) saboda raya wasan kwaikwayo a wajen New York, shekara ɗaya bayan fara bayar da kyautar. A 1949 ƙungiyar ta ƙetare teku ta yi wasa a fadar Kronborg da ke ƙasar Denmark. A ƙarshen shekarun 1940 ɗin kuma ya assasa bikin fasaha da sana'o'in hannu na shekara-shekara a garin, wanda har yanzu ake yi, kuma ta nan masu otal da masu shago suka fara ganin gidan wasan a cikin cinikinsu.

A 1953 aka yanke shawarar rushe gidan wasa na Empire a New York, wanda aka buɗe tun 1893. Ya nemi a ba shi kayan ciki, aka amince bisa sharaɗin ya kwashe cikin 'yan kwanaki kafin masu rusau su iso. Ya tara 'yan wasa da abokai, suka kwance kujeru da fitilu da darduma da kayan ado, aka loda a manyan motoci zuwa Virginia. Zauren da ke saman ɗakin tsare masu laifi ya wayi gari da kayan ɗaya daga cikin gidajen wasa mafi daraja a ƙasar, ba tare da an saya ba.

1953 zuwa 1971: shekarun riƙo

Talabijin ta shiga gidajen Amurka a shekarun 1950, ta rage masu fita kallo a ko'ina. Gidan ya jure. A farkon shekarun 1960 aka buɗe ƙaramin dandamali na biyu a wani tsohon ginin coci, sabuwar babbar hanyar mota da ta ratsa ta gefen garin kuma ta sauƙaƙa zuwan baƙi daga jihohin maƙwabta.

Akwai wata al'ada tasa da ba a tsallake ta a labarin gidan. Kafin a fara wasa yakan fito gaban labule ya gaisa da jama'a, ya tambayi wanda ya zo daga wuri mafi nisa ya ba shi kyautar safar mata ta nailan, sannan ya rufe da cewa wanda ya ji daɗinsu ya je ya faɗa wa mutane, wanda bai ji ba kuma ya kama bakinsa. Dariya ake yi, amma aiki yake: kowane dare mai gidan yana tsaye a gaban masu ciyar da shi, suna ganin fuskarsa, yana ganin tasu.

Ya rasu a watan Oktoban 1971 yana da shekara 65.

Bayan 1971

Wannan karon gidan bai rufe ba. Wanda ya gaje shi a 1972 mutum ne da ya taɓa aiki a gidan yana matashi sannan ya ƙware a gudanar da dandamali a wasu wurare, ya riƙe shekara 20. Na uku ya karɓa a 1992, aka yi wa ginin babban gyara a tsakiyar shekarun 1990, aka tsawaita kakar wasa ta cinye mafi yawan shekara, masu kallo suka haura 100,000 a shekara. Ta huɗu, mace ta farko a kujerar, ta hau ne gab da ɓarkewar annobar korona. A 2020, da aka hana taruwa a zaure, aka mayar da wasa wani tsohon filin silima na kallo daga cikin mota da ke wajen gari, 'yan wasa a kan dandamali, 'yan kallo a motocinsu suna ji ta rediyo. Shugabanni huɗu ke nan cikin shekara 90. Har yanzu akan ware wasu ranaku da ake shiga da kayan abinci, sai dai yanzu ana kai su rumbun ciyar da mabuƙata ne.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Labarin kabeji da alayyafo shi ne kowa ke riƙewa, kuma ya cancanci a riƙe shi. Amma a ganina musayar ba ita ta raya gidan ba. Shekarun kafin rufewar gidan a lokacin yaƙi kawai ta yi tana ɗauke da shi, kuma ko a lokacin ba ta biya lantarki ba, ba ta ba kowa albashi ba, ba ta bar ajiyar da za ta tsallakar da shi yaƙi ba. Abin da ta yi shi ne ta gano ainihin ciwon. Masu gidajen wasa da yawa sun ga kujeru babu kowa suka ɗauka mutane sun daina son kallo. Shi ya gane cewa son yana nan, abin biya ne babu, kuma ya gane hakan ne saboda ya san gidan manomi daga ciki.

Musayar ta yi wani aiki na biyu da nake ganin ya fi na farko daɗewa. Mutumin da ya ɗauko kazarsa ya miƙa, ya san gobe ita 'yan wasan za su ci, ba ɗan kallo ba ne kawai, yana cikin masu riƙe da gidan. 'Yan wasa daga New York baƙi ne a garin da ake zargin sana'arsu, kuma hanya mafi sauri ta daina zama baƙo ita ce cin abincin mutane. Lokacin da ya je gaban majalisar jiha a 1946, abin da ya kai mata shi ne gidan da jama'ar yanki suka riga suka ɗauka nasu. Shirin gwamnatin tarayya ya fi shi kuɗi da ma'aikata nesa ba kusa ba, amma rayuwarsa na hannun ƙuri'a ɗaya a Washington, kuma da aka kaɗa ta ya tafi.

Inda na fi girmama shi shi ne 1946. Mai dabarar da ta yi masa suna yakan manne mata ko bayan ta daina amfani. Shi ya bar musayar ta zama tarihi da talla, ya juya ga aikin da ba a ba da labarinsa: neman tallafi, tsara yawo, mallakar kayan aiki, ɗaure gidan da cinikin gari. Bambancin 1942 da 1971 shi ne ma'aunin wannan aiki. Da ya tafi soja gidan ya rufe, da ya rasu gidan ya buɗe kaka ta gaba.

Sa'a ma ta taka rawa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Ba kowane gari ke da kwalejoji biyu a rufe da zauren da hukuma za ta bayar ba, kuma ba kowane mai kafa gida ke da abokai a Broadway da za su karɓi nama a madadin haƙƙinsu ba. Wanda ya ɗauki musayar kaɗai ba tare da waɗannan ba, abinci zai tara, ba gidan wasa ba.

Akwai kuma waɗanda suka biya farashin da ba a rubuta a littafin lissafi ba. 'Yan wasan shekarun farko sun yi aikin dandamali da na dako da na kicin a kan kwana da abinci, suka koma New York a ƙarshen kaka kusan yadda suka zo. 'Yan kaɗan sun zama taurari, mafi yawansu ba a san sunayensu ba. Sun yarda da sharaɗin ne domin a 1933 babu wanda ya fi shi, kuma tsarin da ya dogara da rashin zaɓin ma'aikaci ba zai wuce lokacin tsanani ba. A yau gidan yana ɗaukar ƙwararrun 'yan wasansa a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta Actors' Equity, da albashi a rubuce da sa'o'in aiki ƙayyadaddu, kuma kuɗin tikiti kaɗai ba sa biyan wannan, sai an haɗa da gudummawar masu hannu da shuni da tallafin hukumomi kowace shekara.